Ɗari Biyu a Agogon Iska

"Ba zan ƙara ba, Baba Saje."

Rebecca ta faɗi haka ƙafafunta na kan gindin famfon hannu na cika iska, zufa na gangaro mata ta bayan kunne. Saje Ishaya, tsohon sojan da ya shekara huɗu yana koya mata harbi da ƙaramar bindigar iska, ya juyo a hankali. Mutum ne da ya saba in ya ba da umarni sai dai ya ji ƙarar takalma, ba amsa ba.

"Mi kika ce?"

"Na ce ya kai ɗari biyu. Nan zan tsaya."

Ta kwance silindar daga famfon ta miƙa masa. Ƙaramar aba ce ta ƙarfe, ba ta fi tsawon tafin hannu da rabi ba, ita ake ɗaura wa bindigar a ƙarƙashin bututu. A ƙarshenta akwai agogon iska mai lambobi, fuskarsa kamar ta agogon hannu. Da can mai allura ne a wurin, allurar kuwa ta daɗe da maƙalewa. Rebecca ce ta sa aka kawo wannan daga Legas bayan ta gama difloma a kan injuna, kuma tun ranar Saje bai taɓa yi wa agogon kallon arziki ba.

Agogon ne kuwa ya tona abin da ke faruwa. Kwana goma ke nan tana kwance silindar bayan kowane harbi goma tana duba lamba. A da harbi goma bai cin fiye da tara ko goma. Yanzu ashirin da biyar yake ci, saboda 'yar robar da ke bakin silindar ta gaji, iska na zurarewa. Ta yi odar sabuwa, shiru. In lambar ta sauko ƙasa da saba'in, ƙwayar dalmar da ake harbawa ba ta zuwa inda aka aike ta, ƙasa take yi. Gobe Asabar kuma Malama Fadima za ta zo daga Birnin Kebbi ta zaɓi mace ɗaya da za ta wakilci jiha a gasar ƙasa. Harbi sittin za a yi, ban da na gwaji. Kulob ɗinsu na Zuru bindiga ɗaya gare shi, silinda ɗaya.

"To Injiniya," in ji Saje, "ke kika yi lissafin da kanki. Ɗari biyu ba ta kai ki sittin. Ɗari biyu da arba'in za ta kai. Ina wahalar?"

"Ga abin da aka rubuta a jikinta, Baba. Ɗari biyu. Kuma shekararta tara."

"Kafin ki kawo wanga agogo naki mai surutu, da hannu nike aunawa. In famfo ya ƙi sauka, na san ta cika. Ta taɓa fashewa?"

"Ba ka san nawa kake sa mata ba."

"Kuma lafiya lau nike!"

Rebecca ta share zufa da gefen rigarta. Tana son tsohon nan. Shi ya fara ganin hannunta ba ya rawa, a wata rana da ta raka ƙawarta filin makarantar da kulob ɗin ke atisaye, ya ce mata ta riƙe kofi cike da ruwa ta miƙe hannu. Amma ba ta iya sassauta murya ba in ta san tana da gaskiya, mahaifiyarta ta sha yi mata faɗa a kan haka.

"Baba Saje, ranar farko me ka koya mini? Ka ce kada in kuskura in leƙa agogon iska alhali silinda na jikin bindiga, don fuskata za ta zo gaban bututu. Na ce ai babu dalma a ciki. Ka ce doka ba ta tambayar ko akwai. Na riƙe. Wannan ma doka ce, kuma hannuna ne zai kasance a bayanta. Bayan ni, yaran kulob za su ɗauka."

Ta zaci Saje zai sauko. Sai ya ɗauki hularsa.

"Shekara bakwai na yi golmo, noman neman aure, a gonar surukina a Manga kafin a ba ni matata. Ko rana ɗaya ban ce wa babba a'a ba. Ku kun yi boko. To, famfo naki ne. Gobe ke za ki buga da kanki, kada wani ɗan kulob ya taɓa shi."

Washegari da hantsi aka taru a zauren makarantar. An jera tebura biyu, an liƙa takardun harbi a nesan mita goma. Abokiyar karawarta Bushira ce, wadda ta zo tare da Malama Fadima da tata bindigar. Tun da safe Rebecca ta duba ko silindar Bushira za ta hau tata, ta ga ba kamfani ɗaya ba ne, bakinta bai shiga. Bushira ta ce, "Wayyo, da na ba ki wallahi." Rebecca ta yarda da ita.

Ta bayyana wa Malama Fadima halin da ake ciki. Matar ta ce za ta iya ɗaga hannu ta fita ta ƙara iska, amma lokaci ba zai jira ta ba: awa ɗaya da kwata ne ga kowa.

Aka fara. Rebecca ta yi na gwaji bakwai kawai don ta tattala iska. Daga nan duniya ta ƙanƙance mata, ta koma baƙin ɗigon tsakiyar takardar, mai maki goma, da numfashinta. Goma. Tara. Goma. Goma. Ba ta taɓa harbi mai kyau irin na ranar ba. Ta ji ana gunaguni a bayanta da yarensu na C'lela, ta gane muryar ƙanin mahaifinta, ba ta waiwaya ba.

A harbi na arba'in da biyar ta ajiye bindigar, ta kwance silindar, ta danna maɓallin agogon. Saba'in da ɗaya. Lissafinta bai yi kuskure ko da ɗaya ba, kuma wannan bai sanyaya mata rai ba. Ta ɗaga hannu.

Famfon na bayan zaure, jingine da bango. Tana ɗaura silindar sai ta ga inuwa a kanta.

"Ɗiyata," Saje ya ce ƙasa-ƙasa, "kina gaba da maki goma sha ɗaya. In kika buga wanga famfo, hannunki ya tafi. Ki ce mani, Baba, kai ke da gaskiya. Shi ke nan. In karɓa in buga maki, ki zauna ki huta."

Ta ɗago ta dube shi. Idanunsa sun yi ja, kuma ta ga da gaske yake so ta faɗa. Kalma huɗu ce ko biyar. Ba wanda zai ji sai su biyu. Amma ta san abin da zai biyo baya: ranar Litinin zai tsaya a kan wata yarinya ya ce ta ƙara, ya ce ai Injiniya ma da bakinta ta yarda.

"Ba ka da gaskiya, Baba," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Ta kama marikin famfon da hannu biyu ta danna da dukan nauyinta. Ashirin na farko ba su dame ta ba. Daga arba'in kafaɗunta suka fara zafi. Ta tsaya ta duba lamba, ɗari da biyu, bai isa ba. Ta ci gaba. Saje na nan tsaye, hannuwansa a baya kamar a fareti, bai tafi ba, bai kuma sunkuyo ba. Sai da ta ƙirga tamanin da huɗu agogon ya nuna ɗari da ashirin.

Da ta koma teburinta saura minti goma sha uku. Ta ɗaga bindigar, bakin bututun na ta zagaye kamar ƙuda a kan tuwo. Ta sauke, ta ja numfashi, ta sake ɗagawa. Bakwai. Takwas. Shida. Ta san ta faɗi tun a harbi na hamsin, amma ba ta ajiye ba. Ta yi dukan sha biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, tana ba kowanne cikakken haƙƙinsa kamar shi ne zai raba gardama. Na ƙarshe ya fita saura daƙiƙa ashirin. Tara.

Bushira ta ci da tazarar maki tara. Malama Fadima ta riƙe hannun Rebecca, ta ce ta ga harbi arba'in da biyar da ba ta taɓa gani ba a jihar nan, amma sittin ake ƙirgawa.

Ranar Talata wani direban motar Kwantagora ya kawo mata ambulan. A ciki 'yar baƙar roba ce, ba ta kai zoben yatsa ba. Ta sa ta cikin minti biyar, ta cika silindar zuwa ɗari biyu, ta yi harbi goma, ta kwance ta duba. Ɗari da casa'in da ɗaya.

Ta daɗe zaune a kan bencin filin tana kallon lambar har fuskar agogon ta mutu da kanta. Mai yiwuwa da ta ƙara arba'in ɗin nan ba abin da zai faru. Mai yiwuwa Saje ya sha wuce haka da hannunsa. Ba za ta taɓa sani ba, kuma ta gane cewa da wannan rashin sanin za ta zauna.

Abin da ta sani shi ne wannan. Bushira ce za ta je gasar ƙasa. Ba za a sake zaɓe ba sai bayan shekara biyu, lokacin tana da shekara ashirin da bakwai. Saje Ishaya kuma, wanda ya shekara huɗu yana kiranta ɗiyata, yanzu in ta gaishe shi yana amsawa, amma da sunanta.