Man Gyaɗa a Bakin Tukunyar Gaz

Shekara tara Mainassara yana auren Saratu, kuma a cikin shekarun nan bai taɓa haɗa ido da mahaifinta ba. Bai taɓa faɗin sunansa ba, bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. In suka haɗu a hanya, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwa kansa a sunkuye. A Yekuwa, garin su Saratu, har kwatance ake yi da shi, iyaye mata suna roƙa wa ƴaƴansu miji mai kunya irin na Saratu. Wannan suna shi ne abin da ya mallaka a garin, kuma yana ji da shi fiye da kakinsa na ma'aikacin gwamnati.

Aikinsa liƙa ƙarfe da wutar gaz ne a garejin gwamnati na Magaria. A bazarar 1955 ƙarfen juyin da mahaƙa suke jawo ƙasa da shi daga sabuwar rijiyar Yekuwa ya karye, ga damina tana ƙaratowa, sai kumandan, Baturen da ke mulkin Magaria, ya ce a tura Mainassara. Da ya ji sunan garin sai gabansa ya faɗi. Cikin duk ƙauyukan da ke ƙarƙashin Magaria, ƙarfe bai tashi karyewa ba sai a garin surukinsa!

Ya ɗora tukwanen gaz ɗinsa biyu a amalanken shanu, doguwar ta oksijan da gajerar ta asitilan, ya ɗaure su a tsaye da igiya, ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Saratu ta hau gefe, tunda hanya ta samu ta ganin gida. Duk ramin da ƙafar amalanken ta faɗa sai Mainassara ya yi salati, mai shanun kuwa ko a jikinsa.

Ba ramukan hanya ne suka fi damunsa ba. Surukinsa Maiwada shi ne sarkin maƙeran Yekuwa, kuma a wurin tsohon nan duk ƙarfen da ba a shafa wa mai ba an wulaƙanta shi. Almakashi, kwaɗo, ruwan fartanya, har allurar ɗinkin buhu, ba wanda yake tsira daga man gyaɗarsa. Ita kuwa tukunyar oksijan ba ta shiri da mai ko kaɗan. Mainassara ya gani da idonsa a Damagaram lokacin da yake koyon aiki: wani abokinsa Kolo ya goge bakin tukunya da tsumma mai maiƙo, ya murɗa mabuɗi, kafin ƙiftawar ido wuta ta tashi ba ashana ba garwashi. Kolo ya rayu, amma da yatsu biyu a hannun dama.

Da suka isa, ya jingina tukwanen a inuwar tsamiyar ƙofar gida, ya ɗaure su da kututturen, ya tafi gaida mai gari. Da ya dawo, igiya kawai ya tarar.

A maƙera ya same su, a kwance kan tabarma, taku uku daga wutar da ake zuga wa. Maiwada ne ya sa aka shigar da su, wai ba a barin ƙarfen baƙo a waje kamar jaki. Mainassara ya ji zufa ta keto masa, amma sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi godiya, ya yi godiya kuma, sannan ya tashi ya nufi cikin gida da sauri kamar mai jin fitsari.

"Saratu, je ki gaya wa Baba a fitar da su yanzu. In suka ji zafi za su fashe, su tashi da maƙerar da rabin unguwar nan."

Ta tafi. Ya laɓe a bayan zana yana saurare.

"Baba, wai ya ce tukwanen nan sun saba da zama a waje."

"To, madalla," in ji tsohon. "Kowane ƙarfe da halinsa."

Aka mayar da su gindin tsamiya. Mainassara ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa ko ta wace hanya saƙo ya bi, ai ya isa.

Da la'asar ya cire hular ƙarfen da ke rufe bakin doguwar tukunyar, ya ɗaura agogon da ke nuna yawan gaz, don ya ga abin da ya rage. Ƙurar hanya ta sa mabuɗin ya yi tauri, sai da ya cije leɓe ya yi nishi sannan ya motsa. Da ya waiga ta wutsiyar ido, sai ya hango ƙafafun surukinsa a bakin maƙera, ya kuma ji ɗan tsakin tausayi irin wanda ake yi wa dabbar da aka bari da ƙishirwa. Ya san ma'anar tsakin nan sarai.

"Saratu, wannan karon ki faɗa yadda na faɗa. Kada mai ya taɓa bakin tukunyar nan. Ko ɗigo. Kisa yake yi."

Ta tafi, ya koma bayan zanarsa.

"Baba, wai ya ce don Allah kada ka wahalar da kanka da tukwanen nan."

"Allah sarki, yaron nan akwai kunya," in ji Maiwada. "Wace wahala kuma?"

Mainassara ya dafe kai da hannu biyu. Da ta dawo ya tare ta, yana magana ƙasa-ƙasa don kada a ji, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Haka na ce miki? Haka na ce?"

"To da wane baki zan ce wa Baba man da ya yi shekara hamsin yana shafa wa ƙarfe kisa yake yi? In kai kana iyawa, ga shi can zaune, je ka faɗa masa."

Ta san ba zai iya ba, shi ya sa ta faɗa. Ya yi ƙwafa, ya koma ya mayar da hular ƙarfen, ya ɗaure ta da iyakar ƙarfinsa har tafin hannunsa ya yi ja. Ya ce a ransa tsoho mai shekara saba'in ba zai iya kwance wannan ba. Ya manta cewa maƙeri ne, kuma yana da awartaki.

Washegari da hantsi ya tafi bakin rijiya, shi da mahaƙa suka kwance karyayyen ƙarfen suka ɗauko shi. Tun daga kwanar masallaci ya hango taro a gindin tsamiya. Dattawan gari ne zaune, an zo ganin tukwanen Nasara. Hular ƙarfen tana ƙasa. Ga ƙoƙon man gyaɗa, ga tsumma, ga bakin tukunyar yana ƙyalli a rana. Maiwada yana tsaye yana yi wa mutane bayani, hannunsa a kan mabuɗi.

"Jiya yaron nan har nishi yake yi. Yanzu ku duba, da yatsa biyu ma..."

Mainassara ya saki ƙarfen da ke kafaɗarsa. Ya waiga neman Saratu, babu ita. Ya yi gyaran murya, ba wanda ya ji. Sai ya ga yatsun tsohon sun kama mabuɗin, ya tuna hannun Kolo.

"Maiwada! Sake shi!"

Bai san lokacin da ya isa wurin ba, da takalminsa da komai. Ya kai wa hannun duka da iyakar ƙarfinsa, mabuɗin ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi, tsohon ya yi taga-taga ya zauna daɓas.

Wurin ya yi tsit. Liman ya riƙe baki. Wata mata da ta fito da tulu ta juya ta koma ciki, kuma Mainassara ya san kafin azahar labarin zai kai har garin Guci. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da wani haushi da bai san wa zai ɗora wa ba. Ya durƙusa, ya tuɓe takalmin da ya kamata ya tuɓe tun ɗazu, ya ba da labarin Kolo daga farko har ƙarshe, yana kallon ƙasa. Ya ce tukunyar ba za ta buɗu ba yanzu sai an kai ta Damagaram an wanke bakin. Maiwada ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa da hannun hagu, ya shige maƙera.

Saratu ta kawo masa fura ya kasa sha. Ga rijiya ba a gyara ba, ga tukunya ta ɓaci, ga sunan shekara tara ya tafi a tsawa ɗaya. Ya zauna a gindin tsamiyar yana gadin tukwanen da yanzu ba wanda yake ko kallonsu.

Bayan azahar ya ji kukan zugazugi. Can sai aka yi kira daga maƙera, kuma ba Saratu aka kira ba.

"Mainassara."

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofa. Karyayyen ƙarfen rijiyar yana cikin gawayi, bakunansa biyu sun yi fari don zafi.

"Tun kafin a haifi tukunyarka muke haɗa ƙarfe a garin nan," in ji tsohon. "Amma hannun nan ya kumbura, ba zai ɗaga masaba ba. Kai ka buge shi, kai za ka yi aikinsa. Shigo."

Ya shiga ya ɗauki masabar, kansa a sunkuye. Maiwada ya zaro ƙarfen da awartaki a hannun hagu, ya ɗora a kan uwar maƙera.

"Ɗago kanka, ka dubi inda nake nuna maka. Ba a dukan ƙarfe ana kallon ƙasa."

Mainassara ya ɗago. Sai a ranar, bayan shekara tara, ya san cewa idanun Saratu na ubanta ne, kuma na tsohon sun cika da ƙwalla.

"Hayaƙi ne," in ji tsohon. "Buga."