Jan Farantin Wutsiyar Jirgi

Tashar ita ce ta ƙarshe kafin dogo ya shige cikin duwatsu. In ka cire ofis da rumfar fasinja da gidajen ma'aikata huɗu, ba abin da ya rage sai tankin ruwa da iska. Layi ɗaya tal ya haɗa ta da tashar kudu, tafiyar sa'a guda da 'yan mintuna, don haka ba a barin jirage biyu su shiga tsakaninsu lokaci guda. Akwai wata sandar tagulla da direba ke karɓa a can ya kawo nan. Sai Maitasha ya zura ta cikin akwatin ƙarfen ofishinsa kafin akwatin can ya saki wata sandar ga jirgi na gaba. Doka kuwa ta ce kada ya kuskura ya zura ta sai an ga jan farantin da ake ratayawa a bayan tarago na ƙarshe, shaidar cewa jirgi ya iso da wutsiyarsa.

To, amma layin ya yi kwana a bakin tashar, jirgin kuma dogo ne, daga ƙofar ofis ba a hango wutsiya. Shi ya sa shekara goma sha bakwai ke nan suna da tsarinsu. Surukin Maitasha, baban matarsa, tsohon da ke juya layi a ɗan ɗakinsa na bakin kwana, shi ke duba farantin. In ya gani sai ya cire hularsa ya ɗaga sama. Maitasha yakan yi alfahari da wannan hula. Yakan ce ko injiniyoyin babban ofis ba su ƙirƙiro na'urar da ta kai ta ba, tunda ba ta cin mai, ba ta lalacewa, sai dai wanki.

Ran Laraba da hantsi yana tsaye bakin ofis, ya sa rigar aiki mai guga, domin matarsa na cikin jirgin da ake jira. Jiya ta tafi birni a cire mata haƙori. Shekara biyu rabonta da barin tashar. Ko 'yar'uwarta ta haihu sai dai ta aika da saƙo, har yana tsokanarta da cewa ita ma a sa ta cikin kayan tasha a buga mata lamba. Aikinta kullum, da ta ji ƙugin jirgi sai ta ɗauki butar shayi ta nufi ɗakin babanta.

Jirgin ya shigo yana nishi, taragun siminti da na gishiri da na man fetur, tsofaffi, kowanne da irin kukansa. Taragon fasinja ɗaya ne, a can ƙarshe ake maƙala shi. Direba ya miƙo sandar ta taga. Maitasha ya karɓa, ya juya ya dubi kwana. Tsohon na tsaye bakin ɗakinsa. Ya ɗan jima bai motsa ba, fiye da yadda ya saba, sannan hula ta tashi sama.

Maitasha ya shiga ofis, ya zura sandar, ya buga ƙararrawa. Mai tashar kudu ya amsa ta waya da murna, ya ce madalla, dama jirgin dutse na nan tsaye tun safe, tarago arba'in, direbansa sai zagi yake. Maitasha ya yi dariya, ya gyara wuyan rigarsa, ya taka zuwa wutsiya don ya karɓi kayan matarsa.

Ya wuce siminti, ya wuce gishiri, ya sha kwana. Bayan taragon mai na ƙarshe babu komai sai layi. Ƙugiyar da ke haɗa taragu tana reto, ta karye, bakin karayar fari fat.

Ya tsaya yana kallon wurin da ya kamata tarago ya kasance. Ya ma leƙa ƙarƙashi, kamar tarago mai mutum talatin zai ɓuya a nan. Sai ya juya wajen tsohon.

"Baba! Ina taragon fasinja?"

Tsohon ya juyo, hular na hannunsa har yanzu. "Bai iso ba?"

"Ni kake tambaya? Kai fa ka ɗaga hula!"

Bai tsaya jin amsa ba. Ya kwasa da gudu, mutum mai shekara hamsin da tumbi, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Ya fizgi waya.

"Ka tsayar da jirgin dutse! Ka tsayar da shi!"

"Wane jirgin dutse? Ai ya kai minti goma da tashi. Lafiya?"

"Wutsiyata na kan layi."

Can ɓangaren sai salati. Su duka biyun sun san cewa da jirgi ya shiga duwatsu babu wata waya da ke kai masa.

Abu ɗaya ya rage masa: mai tuta. Aikin mai tuta ne ya zauna a wutsiya, in wani abu ya faru ya koma baya a ƙafa da jan tuta ya tare duk abin da ke tafe. Maitasha ya fito yana maimaita wannan a ransa, sai ga mai tuta yana saukowa daga kan jirgi, wato injin, da kofin shayi a hannu, tutocinsa naɗe a hammata.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Yallaɓai, sanyi ne a baya, na ɗan zo wurin direba..." Ya ga fuskar Maitasha, kofin ya suɓuce.

Maitasha bai taɓa marin babban mutum ba, ranar ma bai mara ba. Ya ce a kwance kan jirgin daga taragun, su koma. Direba ya ce ba su da sanda, doka ta hana. Maitasha ya hau, suka tashi.

Direba ya san inda abin ya faru, domin a babban hawa ya ji nauyi ya ragu, ya ɗauka injin ne ya sami lafiya. In a nan ƙugiya ta karye, to taragon ya gangara baya ya tsaya a cikin kwari, bayan kwana. Wurin nan kuwa shi ne inda jirgin dutse ke sakin gudu don ya samu ƙarfin hawa. Maitasha ya riƙe ƙarfen ƙofa yana duban agogo, tsoro ya cika shi. Abin da ke ta dawo masa shi ne hannunsa da ya zura sandar, da dariyar da ya yi.

Suna kaiwa kan tudu suka ji ƙugi daga kwari, dogo, ba ya yankewa, da ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Mai tuta ya durƙusa ya toshe kunnuwa. Maitasha ya jira ƙarar da za ta biyo baya. Ya jira. Ba ta zo ba.

Taragon na nan a kwari, lafiyarsa lau. Fasinjoji sun watse kan duwatsu da ƙullin kayansu, wata tsohuwa na rungume da kaza. Kan jirgin dutse kuwa yana tsaye bayansa, hayaƙi na tashi daga ƙafafunsa, tsakaninsu bai fi tsawon tarago biyu ba. Direbansa na zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

Maitasha ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bai ga tata ba. Wani ɗan kasuwa ya kama hannunsa.

"Matar nan kake nema, mai kumburarren kunci? Ita ta fitar da mu. Ta murɗa birkin hannu, ta ce kowa ya hau dutse, ta ciro wani jan abu a bayan taragon ta bi layi da gudu. Mu har muna cewa ko ta taɓu."

Daga can gefen taragun dutse ya hango ta tana tahowa a hankali. Babu takalmi, tsakuwar layi ta yayyanka mata ƙafa, kuncinta ya kumbura da audugar likita a ciki. Jan farantin na rungume a ƙirjinta. Ya isa gare ta.

"Baban yara," ta ce, "wa ya ba jirgin dutse hanya?"

"Ni ne. Amma wallahi Baba ya ɗaga hula. Da idona na gani."

Ta rufe ido. Ta zauna a kan dogo, ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wata 'yar kwalba ta ajiye a kan farantin. Ya ɗauka ya karanta. Maganin ɗigawa a ido ne.

"Ba don haƙori kaɗai na je ba," ta ce. "Baba ba ya gani. Inuwa kawai yake gani, shekara biyu ke nan. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, ya ce in ka sani dole ka rubuta wa babban ofis, in ka rubuta kuma a sallame shi ya zama kaya a gidan suruki. Shayin nan da nake kai masa, ni ke duba farantin in ce, Baba, farantin ya wuce, shi kuma ya ɗaga hula."

Maitasha ya ji kamar ƙasa ta matsa. Shekara biyu. Jiragen mai, jiragen dutse, yara 'yan makaranta masu dawowa hutu.

"To yau fa?"

"Yau na ce ai ni ce a wutsiyar. Na ce masa zan leƙo ta taga in kira shi." Hawaye suka zubo mata. "Ya jira muryata bai ji ba. Ya san kuma kana kallonsa."

Maitasha ya tuna yadda tsohon ya jima a tsaye kafin hular ta tashi. Ya gani, ya lura, bai taka ya je ya duba ba, tafiyar da ba ta kai minti uku ba.

Direban jirgin dutse ya taso yana tangaɗi, ya tsaya a kansu.

"Yallaɓai, mutanen babban ofis za su tambaye ni. Wa zan ce ya ga farantin?"

Matar ta ɗago ta dubi mijinta. Maitasha ya karɓi farantin daga hannunta. Akwai jinin tafinta a gefensa, bai bushe ba.

"Ka ce babu wanda ya gani," ya ce. "Ka ce Maitasha bai taɓa ganinsa ba, shekara goma sha bakwai."