Ganyen Magaryar Inna A'i

"Ɗanɗana min ƙasar," in ji Inna A'i daga kan tabarma.

"Ƙasa kuma, Inna?"

"Ta gindin magaryar. Ɗebo kaɗan ki sa a harshe, ki gaya min abin da kika ji."

Mastura ta tsaya a ƙofar ɗakin kwanon, riƙe da gwangwanin ruwa. Ba ta bukatar ɗanɗanawa. Ta san gishiri za ta ji, domin ita ta zuba shi.

Inna A'i ce mai wankan gawar mata a wannan lungu na unguwar Sa'alaba, a birnin Jidda. Shekara talatin da suka wuce ta taso daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ta haye teku da ƙwallon magarya bakwai ƙulle a haɓar zane. Ɗaya ce tak ta tsiro a ƙasar Jidda mai zartsi. Da ganyenta ta wanke kowace mace da ta rasu a lungun, har da mahaifiyar Mastura. Tun daga ranar marainiyar ta manne mata, ko da ta yi aure katangar kwano kawai ta raba su.

Bayan hajjin bana aka yi rasuwa biyar a jere, aka tsige itaciyar tas. Sannan wasu fararen ƙwari kamar auduga suka lulluɓe rassanta, tururuwa na hawa da sauka. A makon ne tsohuwa ta kwanta. Da aka ce akwai garin magarya a kasuwa, sai ta juya fuska bango.

"Ban yi wa 'yar kowa wanka da na kasuwa ba. Ni ma ba inda za ni sai tawa ta yi ganyen da zai ishe ni."

Matan da suka zo dubiya suka yi dariya. Mastura ba ta yi ba. Ta san rai na Allah ne, ta sani sarai, amma zuciya mai ƙauna ba ta jin karatu. Ita aka ɗora wa ban ruwa, da ruwan daɗin da Na'ibi sakka, mai ga-ruwan lungun, yake kawowa a gwangwanaye biyu rataye a kafaɗa. Sai ta riƙa juye shi a randa, ta zagaya tsohuwar rijiyar bayan masallaci ta ɗebo na zartsi ta zuba wa itaciyar. Duk tohon da ya fito, kwana uku bakinsa ya ƙone, ya yi rawaya, ya zube. Wata uku ke nan itaciya ba ta mutu ba, ba ta rayu ba. Haka ma mai ita.

"Ba ki ɗanɗana ba," in ji Inna A'i. Muryarta ta koma kamar ta busasshen kara. "Daga nan nake jin warin ruwan rijiya a hannunki. 'Yar nan, dubi bayana yadda ya tsattsage. Ko kunu ba ya wuce min. Kin ɗaure ni kamar akuya a turke, kina cewa so ne."

Mastura ta zube a gabanta, kuka ya ƙwace mata.

"Inna, in kin tafi wa ya rage min?"

"Wanda ya rage min ranar da na sauka daga jirgi ba kowa. Share majinar nan, kin yi muni. Saurara. Ki sare duk reshen da ya bushe, ki kai nesa ki ƙona. Ki dama sabulu da toka ki wanke ƙwarin, har ƙarƙashin ƙaya. Ki yi mata kewaye, kada ruwa ya kwanta jikin kututture. Kwana uku ki cika kewayen da ruwan daɗi, ya kora gishirin ƙasa."

Ta yi duk yadda aka ce, ƙaya ta yayyage mata hannu. Na'ibi ya sauke gwangwanayensa karo na huɗu yana haki.

"Ya Mastura, amarya kike wa wanka ko ƙaya? Mutane na layi a famfo, ke kina shayar da itace har ya ƙoshi!"

"Zuba kawai, Baba Na'ibi."

A kwana na tara toho ya fito, kore shar, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Tagar ɗakin Inna ba ta kallon tsakar gida, ƙafarta kuma ba ta taka ƙasa ba tun rani, amma kowace safiya ita ke ba da labari. "Reshen gabas ya ƙaru da shida." Mastura ta fita ta ƙirga, shida. Awakin unguwa da suka saba tsallako kwano don su ci ganye suka daina zuwa. Sukan tsaya a bakin ƙofa su yi ta kallo.

Ranar wata Laraba, gab da azahar, zafi ya kwantar da lungun, ko tsumman da ke kan igiya ba ya motsi. Mastura na tsintar shinkafa a gidanta sai ta ji muryar Inna A'i daga bayan katanga, a sarari, da ƙarfinta na da.

"Halas, ya isa. Zo ki kwashe."

Ta fita da faifai. A gindin magaryar ta tarar da ganye kore, ɗanye, tare wuri ɗaya kamar an share an tula. Ba iska, ba sawun kowa a jiƙaƙƙiyar ƙasar. Ta kwashe, ya cika faifan daidai baki. Ta shiga ɗaki tana cewa, "Ga shi, Inna."

Inna A'i na kwance ta gefen dama, fuska alƙibla. Mastura ta taɓa goshinta ta janye hannu. Matan da suka taru daga baya suka ce yadda gaɓoɓin suka sandare, tun hantsi ta cika.

Mastura ce ta daka ganyen, ta kaɗa shi a ruwa har ya yi kumfa, ta yi wankan yadda ta sha gani. Ya isa cif, ko ɗaya bai ragu ba.

Da la'asar maza suka dawo daga maƙabarta. Othman, mijin Mastura, ya tsaya nesa da itaciyar, yana riƙe da gatarin aro.

"Wallahi mata sun tsorata, ya bintil halal, 'yar mutanen kirki. Sun ce a sare ta kafin magariba. Yalla, matsa."

Mastura ta ɗaga kai. Rassan duk sun koma tsirara, ban da guda ɗaya siriri, wanda ya tsallake katanga ya leƙa tsakar gidanta. Ganye huɗu ne a jikinsa, ƙanana, ba su gama buɗewa ba. Ta daɗe tana kallonsu.

"Mayar wa mai gatari abinsa," ta ce. Sannan ta juya wajen Na'ibi da ke tsaye cikin masu gaisuwa. "Baba Na'ibi, daga gobe gwangwani biyu kullum a gindinta. Na daɗi. Ni zan riƙa zubawa."