Ɗan Kan Makirufon Baba

Shekara talatin da huɗu surukina ya yi yana kiran fasinja a tashar mota, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mutum Ɗaya. Da muryar nan ya ci abinci, da ita ya gina ɗakuna ukun da muke ciki, da ita kuma ya hana ni sakat tun ranar da na tare a gidan. Shi ya sa da aka yi masa aiki a maƙogwaro ya dawo ba ya iya komai sai raɗa, na yi masa sannu da baki, amma a zuci hamdala na yi. Ba zan ɓoye ba.

Wata biyu na sha iska. Sai ga ƙanwar mijina, wadda ko hula ba ta taɓa wanke wa ubanta ba, ta zo da tsaraba a leda: 'yar rediyo mai caji irin ta sauraron waƙa, da makirufo marar waya wanda matasa ke bin waƙa da shi. Har da soso biyu na rufe kansa, ja da baƙi, da 'yar ƙafar da ake ɗora shi, da wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, wanda ake sokawa a gefen rediyon. Ta ce wannan ɗan kan shi ke kamo magana daga makirufo ya miƙa wa rediyo, in babu shi makirufon sanda ne kawai. Ta nuna wa Baba yadda ake kunnawa, ta sha ruwa, ta koma gidan mijinta ta bar ni da jidali.

Akwai wani maɓalli da ke sa murya amsa-kuwwa. Baba ya murɗa shi har ƙarshe, bai sake taɓa shi ba. Daga ranar duk abin da ya faɗa sau uku yake fitowa. In shayi ya huce, sai layinmu kaf ya ji ya huce sau uku. Ni ɗinki nake yi a falo, ɗakinsa kuma ƙofa a buɗe, yana kallon kekena daga kujerarsa. Ran nan ina gwada wa wata mata riga, ya sanar da duniya cewa hannun hagu ya fi na dama tsawo, kuma dama can ban iya komai ba sai barci da baƙar magana. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta sake kawo mini ɗinki ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na auna, hannun hagun ya fi tsawo.

Na kai ƙara wajen maigidana. Ya ce in yi haƙuri, likita ya faɗa masa ciwon yana ci gaba da cin wurin, ko raɗan ma bai fi wata ɗaya ko biyu ya rage wa Baba ba. Na ji wannan magana da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Washegari da hantsi na shiga ɗaukar kofi, na tarar Baba ya lumshe ido, makirufo a cinyarsa. Na zare ɗan kan daga gefen rediyon, na jefa a bokitin shara, da hannuna kuma na miƙa bokitin ga masu kwashewa. A tunanina abin kasuwa ne, gobe ko jibi a sayo wani, ni dai in samu kwana biyu kunnena ya huta.

Ashe ban san dawar garin ba. Maigidana ya sayo wani ɗan kai iri ɗaya sak, aka soka, shiru. Ya koma, mai shago ya ce kowane makirufo da nasa ɗan kan aka haɗa su tun daga kamfani, ba ya jin na wani, dole sai an sayi su biyun tare. Irin na Baba kuma ya ƙare, sai an yi oda, sati uku. Aka gwada wasu kala biyu masu waya, su kuwa ba sa kama raɗa, sai wanda zai iya yi musu ihu.

Sati ukun nan na samu shirun da nake nema, bai yi mini daɗi ba. Baba bai ajiye makirufon ba, da shi yake wuni, in zai yi magana sai ya kai shi baki kamar yana aiki. Tsofaffin abokansa na tasha suka zo gaishe shi, suka yi ta ɗaga masa murya kamar kurma, yana motsa leɓe, suna cewa haka ne, haka ne, alhali ba su ji komai ba. Ƙanwar mijina ta juye gidan sama da ƙasa tana nema, tana watsa mini harara. Na rama, don ba ta fi ni ido ba.

A sati na biyu ya yafito ni da hannu. Sai da na kai kunnena daf da bakinsa.

"Ranar nan ba barci nake yi ba."

Na dake. Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa ɗanka, Baba?"

Ya daɗe yana tattaro numfashi. "In ya kore ki, wa zan zaga?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ban sake jin wata kalma daga bakinsa da na gane ba.

Ranar da sabon ya iso, maigidana ya dawo da rana tsaka don zumuɗi. Ya soka ɗan kan, ya sa wa makirufon jan soson da Baba ya fi so, ya murɗa maɓallin amsa-kuwwa har ƙarshe yadda aka saba. Baba ya gyara zama, ya gyara hula, ya kai shi baki. Iska ce kawai ta fito, sau uku. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, iskar ce dai. Maigidana ya ce bari ya duba wani abu a waje, na ji shi yana fyace hanci a bayan ƙofa. Baba ya dube ni, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa kan soson.

Da wannan ƙwanƙwasar yake kirana yanzu, kuma ko ina tsakiyar ɗinki sai na tashi. Ban fara son sa ba, shi ma na san bai fara ba. Maigidana kuwa sai yabona yake yi wa duk wanda ya shigo, wai samun suruka mai haƙuri irina sai an tona. Duk lokacin da ya faɗi haka a gaban Baba, sai tsohon ya ɗaga makirufo ya yi dariya, iskar ta zagaye gidan sau uku.