Dogon Tunanin Don Casimiro a Kan Biyar

A rana ta uku jirgin ruwan bai tsaya ko'ina ba. Tun da suka baro tsibiri na ƙarshe da yammacin jiya babu abin gani sai ruwa, kuma an ce sai gobe da safe za a sake taka ƙasa. Mutum dubu uku a cikin jirgin shaƙatawa guda, ba mai aikin fari balle na baƙi. Wasu sun shimfiɗe a bakin tafkin wanka suna gasa jikinsu a rana, wasu sun koma layin abinci karo na uku tun kafin hantsi. Irin wannan rana ce ke tona mutum, domin wanda ba shi da wurin zuwa ba shi da wurin ɓuya.

Don Casimiro Taveras kuwa yana da abin ɓoyewa. Shekarunsa saba'in da ɗaya, manomin ayaba ne daga garin Moca, a ƙasar da Santo Domingo ce babban birninta, kuma wata goma sha takwas ke nan wani farin hazo yana rufe masa idanu a hankali. A gida ba wanda ya gane. Ya san taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa gona, ya san kowa da muryarsa, ya ajiye babur ya ce gwiwa ce ke damunsa. A cikin jirgi kuma ya riƙe hannun 'yarsa Nereida duk inda za su, ya ɗora wa tangaɗin ruwa laifi, alhali jirgin ko motsi ba ya yi.

Nereida ce ta kawo shi wannan tafiya. Tana da shagon gyaran gashi a New York, kuma ranar da aka binne mahaifiyarta ta faɗa masa a fili: "Baba, ranar da na ga ka kasa, zan ɗauke ka." Ya san abin da ake nufi da ɗaukewa. An ɗauke amininsa Don Eusebio haka, aka ajiye shi a hawa na goma sha huɗu a bakin taga, bai cika shekara ba aka dawo da shi a akwati. Don Casimiro ya ƙudura cewa shi a Moca zai ƙare, kusa da ayabarsa da kabarin matarsa. Saura kwana huɗu a gama tafiyar. In ya fita lafiya, ya sami wata shekarar.

Suna zaune a inuwa, a benen da ke bayan wurin cin abinci, sai ya ji ƙarar da ba ya ɓata ta: ana juya 'ya'yan domino, ƙwayoyin wasan nan masu ɗigo-ɗigo, a kan tebur.

"Kai, tsohuwa, duba mana," in ji wata murya mai kauri. "Ga mutanen Santo Domingo can, na ji bakinsu. An ce sun iya buga tebur, wasan ne dai ban sani ba."

Mai maganar wani dattijo ne ƙato daga Ponce ta Puerto Rico, sunansa Don Heriberto. Matarsa Doña Providencia tana gefensa, 'yar ƙaramar mace mai faɗin tabarau. Tun safe suke neman mutum biyu.

"Baba ba ya jin daɗin jikinsa," in ji Nereida.

"To, Allah ya sawwaƙe. Haka suke cewa duk in sun ga ɗan Ponce."

Da Don Casimiro ya yi shiru, da ya kwana da asirinsa. Amma shekara hamsin yana zama a teburin ƙofar kantin unguwarsu, ba a taɓa kiransa wasa ya ce ba shi da lafiya ba. Kuma yana da abin da ya dogara da shi. 'Ya'yan dominon gida ɗigonsu a fafe yake, rami-rami, tsofaffin 'yan wasa da babban yatsa suke karanta su ba tare da sun duba ba. Da haka ya ci gaba da cin mutane tun da idon ya fara.

"Ja mini kujera, Nereida," ya ce. "Zauna a gabana. Bari mu sallami baƙin nan su je su ci abinci."

Nereida ta tsaya tana dubansa. Tun tana yarinya take kallon wasansa ta bayan kafaɗa, bai taɓa zaunar da ita a matsayin abokiyar wasansa ba. Ta zauna da sauri kafin ya sake shawara.

Aka juya, kowa ya ja bakwai. Don Casimiro ya shafa ta farko da yatsa. Sumul take kamar faranti. Na jirgi ne, na roba, ɗigon fenti ne kawai aka buga a kai. Ya shafa ta biyu, ya shafa ta uku. Babu rami ko ɗaya.

Nan ma yana iya tashi. Girman kai ya danne shi a kujera. Girman kai ba ya ba mutum shawara sai wadda za ta ƙara nutsar da shi.

Hannu biyu na farko, wato zagaye biyu na wasan, ya lallaɓa. Marar ɗigo da mai ɗaya da mai biyu yana iya rarrabe su in ya karkata ƙwayar wajen haske. Don Heriberto kuma mutum ne mai surutu, duk abin da ya buga sai ya kira sunansa, haka ya riƙa gaya wa abokin hamayyarsa abin da ke kan tebur bai sani ba. Suka ci ɗaya, aka ci su ɗaya.

"Ashe kuna taɓawa," in ji Don Heriberto.

"Ba mu fara ba tukuna, maƙwabci. Muna jiran ka gaji da magana."

"Sai dai ku jira har tashin duniya," in ji Doña Providencia. "Shekara arba'in da huɗu nake jira."

A hannu na uku rana ta juyo, hasken ruwa ya bugi teburin. Wasa ya zo kan Don Casimiro, biyar a wannan bakin layin, shida a wancan. Ya dubi hannunsa, ƙwayoyin suka zama farare tas da baƙaƙen tabo masu yawo. Ya ɗaga ɗaya, ya mayar. Ya ɗaga wata, ya matso da ita kamar mai gyara zama. Huɗu ce ko biyar? Gumi ya tsatso masa a wuya. Ya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, sannan ya aje biyar da biyu.

Kowa ya san dokar teburi. Ba a magana da abokin wasa, ba a ƙifta ido, amma tunani halal ne. In ka daɗe kafin ka aje, ka gaya wa teburin duka cewa kana da irin wannan lambar da yawa. In ita kaɗai gare ka, nan take za ka aje. Wanda ya yi dogon tunani a kan ƙwaya ɗaya tilo ya yi ƙarya, kuma a Moca ko a Ponce mutum ba ya sake samun kujera bayan ita.

Don Heriberto ya karanta tunanin yadda kowane ɗan wasa zai karanta shi. Shi ke wasa kafin Don Casimiro, don haka duk lokacin da biyar ta leƙo sai ya rufe ta, yana ɓata hannunsa don kada ya ba dattijon hanya. Nereida ta samu fili ta zubar da nata, ta buga ta ƙarshe da ƙarfi har kofin kofi ya yi tsalle.

"Mun ci, Baba!"

Aka baje sauran ƙwayoyi a buɗe. Don Heriberto ya miƙa wuya ya dubi ukun da suka rage a gaban Don Casimiro. Ya dubi layin da ke kan tebur. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ina biyar ɗin?"

Ya juyo wajen Don Casimiro.

"Dattijo, da kai nake. Ka yi tunani a kan biyar har na kusa yin barci. Ba ka sake buga biyar ba, babu kuma ko ɗaya a hannunka. Ita kaɗai ce gare ka."

"Heriberto, wasa ne," in ji matarsa.

"Wasa ne, shi ya sa ba a ƙarya a cikinsa. Da furfurarka, a gaban 'yarka? Haka kuke yi a garinku?"

Nereida ta miƙe tsaye. "Malam, ka iya bakinka. Je ka Moca ka tambayi ko wane ne Casimiro Taveras. Ubana bai taɓa tunanin ƙarya ba tun da aka haife ni." Ta juya. "Baba, gaya masa."

Don Casimiro ya ji muryarta, ya ji yadda ta tsaya masa ba tare da ta duba ko ƙwaya ɗaya ba. Hanya biyu ce a gabansa. Ya yi dariya ya ce dabara ce, ya tashi a maƙaryaci, ya koma Moca da gidansa. Ko ya faɗi gaskiya ya miƙa wuyansa ga hawa na goma sha huɗu. Ya ga cewa shekara ɗaya da rabi yana yi wa yarinyar nan ƙarya a waya bai ji komai ba, amma ga shi ya kasa yin ta a kan teburin domino. Wannan ya ba shi kunya fiye da zagin ɗan Ponce.

Ya tura ƙwayoyin tsakiyar tebur.

"A soke hannun nan," ya ce. "Ba tunani nake ba, maƙwabci. Ƙirga ɗigo nake. Ba na gani."

"Baba?"

"Ba na ganin ɗigon, Nereida. Fuskarki ma tun da na sauka a filin jirgi ban gan ta sosai ba. Na gida masu rami ne, da yatsa nake wasa."

Ta koma kujerarta a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun bara kafin bikin Ista."

"Kuma kullum in na kira ka ce lafiya lau. Babur ɗin da ka ce gwiwa ce?"

Ba ta jira amsa ba.

"Kai kaɗai a gida, da murhu, da adda a gona! Baba, me na yi maka?"

"Kin ce za ki ɗauke ni."

Don Heriberto ya cire hularsa ya rasa inda zai aje ta. "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Bakin nan nawa..."

"Rufe shi to, ko sau ɗaya," in ji Doña Providencia. Ta zagayo ta kama haɓar Don Casimiro ba ko neman izini, ta juya fuskarsa wajen haske. "Buɗe. Kana ganin kamar hayaƙi? Fitila tana yi maka zobe? Rana ta fi inuwa wahala?"

"Haka ne."

"Ni ba likita ba ce, amma na san wannan farin. Yanar ido ce. Duka biyu aka cire mini shekara uku da suka wuce. A kan wannan ka zauna kana ɓuya kamar wanda ya yi sata? Ku maza! Ku gwammace ku faɗa rami da ku ce a nuna muku hanya."

Nereida ta share hawaye da bayan hannu. Da ta yi magana, muryarta ba ta yi laushi ba.

"Saurara, Baba. Ni na faɗi maganar nan a bakin kabari, ban san za ta zame maka abin tsoro ba. Ba gidanka nake so ba. Akwai likitocin ido a Santiago, rabin awa daga ƙofarka. Zan bar wa Yocasta mai taya ni aiki shago, in zo in zauna har a gama duka biyun."

"In an gama ki koma ki bar ni?"

"In likita ya ce ka warke. In bai ce ba, za mu sake zama, ni da kai, kuma ba za ka ƙara yi mini ƙarya ba. Iyakar alkawarin da zan iya ke nan."

Ba duk abin da yake so ba ne. Amma ya fi abin da ya cancanta, kuma ya san haka. Ya gyaɗa kai.

"To mu ci gaba mana," in ji Don Heriberto, yana neman hanyar gyara. "Ka yi tunaninka har gobe, ba za mu lissafa shi ba."

"Wannan ba domino ba ne. Ka bari a buɗe mini ido, ka zo Moca. Zan ba ka masauki, in ba ka abinci, in ba ka kashi."

"Kin ji shi, tsohuwa? Bai warke ba ya fara."

Ba a sake juya ƙwaya ba. Nereida ta tafi neman inda waya ke kamawa don ta kira wata ƙawarta a Santiago. Don Heriberto ya tafi kawo kofi. Don Casimiro ya saurara har takunsu ya yi nisa, sannan ya matso da kujerarsa kusa da Doña Providencia, ya rage murya.

"Doña, tsakanina da ke. Da zafi?"

"Tsoro ya fi zafin yawa. Kana kwance ido biyu, kana jin suna hirarsu, kafin ka gama addu'a sun ce tashi. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne washegari."

"Me ke faruwa washegari?"

"Aka cire mini bandeji, na juya na ga wani tsoho a bakin gado, duk ya yamutse. Na ce, wane ne wannan? Aka ce mijinki ne. Ni a zatona yana nan yadda na bar shi."

Don Casimiro ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya ce, "Fara mini daga farko. Ranar da kika je, me suka fara yi?"

Ta gyara tabarau ta fara. Rana tana tsaka, ƙasa sai gobe, kuma babu inda ɗayansu zai je.