Tabon Bayan Kunne

"Mutum ɗaya ake bari ya shiga, Baba," in ji sojan da ke tsaye a ƙofar ɗakin ajiye gawa.

Tsohon Direba, maƙwabcina, bai saki hannuna ba. Tun daga gida yake riƙe da ni, har yatsuna sun mutu. Shekara uku ke nan idanunsa suka daina gani, shi ya sa ya ajiye tuƙin bas, shi ya sa kuma da safen nan ya lalubo bango har shagona, ina tsaka da yi wa wani aski, ya ce, "Mai aski, ajiye injin nan. An kira ni daga asibitin soja. Kai ka san kan yaron nan fiye da ni."

Abin da aka gaya masa a waya gajere ne. Motar su Auta, ɗansa na ƙarshe, ta taka nakiya. Mutum biyu ne a gaba. An samu gawa ɗaya, ɗayan kuma har yanzu ba a san inda yake ba. Fuska ba ta ganuwa, ƙarfen lambar da sojoji suke ratayawa a wuya kuma ya tsinke. Ana son wani ya zo ya duba.

A kan bencin baranda akwai wata matashiya da goyo, matar ɗaya sojan. Ta shiga kafin mu iso, ta fito ta ce ba ta iya tantancewa ba. Yanzu ni take kallo. Na san abin da take roƙo a ranta, na kuma san abin da Direba yake roƙo, kuma ba yadda za a yi su biyun su samu. Wallahi na ji haushin ranar da na koyi aski.

"Je ka," in ji Direba. "Amma ka ji ni da kyau. Kada ka tausaya mini. Abin da ka gani shi za ka faɗa."

Tun Auta yana shekara biyu nake yi masa aski. Katangarmu ɗaya da su. Ban taɓa ganin yaro mai ƙin aski irinsa ba. Sai na ɗora katako a hannayen kujera, ubansa ya danne ƙafafu, shi kuma yana ihu kamar ana yanka shi. Yana shekara shida ya fizge kai ina riƙe da reza, na tsage shi a bayan kunnen hagu. Uwarsa, Allah ya ji ƙanta, wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Gashi bai sake fitowa a wurin ba. Da ya girma, in ya zauna sai ya ce, "Kawu, a hankali, kunne biyu kawai gare ni."

Ranar da aka ɗauke shi soja ya zo ya ce in kwashe duka. Na ce, "Kai da reza take sa ka kuka, kai ne za ka riƙe bindiga?" Ya yi dariya ya ce ai bindiga ba ta zuwa ta bayan kunne. Na ba shi tsohon injina na hannu, wanda ba ya bukatar wuta, don na ji an ce a daji suke kwana.

Wani kofur mai hannu a naɗe da bandeji ya shigar da ni. Ɗakin da sanyi, da warin magani mai hawa kai, fanka ɗaya tana juyi tana ƙara. An rufe gawar da farin ƙyalle har sama.

"Baba, fuskar…" in ji kofur ɗin.

"Ba fuska na zo gani ba. Juya mini kan, ta hagu."

Ma'aikacin ɗakin ya ɗaga gefen ƙyallen kaɗan, ya juya. Abin da na fara gani aski ne, mummunan aski, wani wuri tudu wani wuri kwari, layin ƙeya ya karkace. Sai zuciyata ta yi tsalle. Na ce a raina Auta ba zai taɓa yarda a yi masa wannan ɓarna ba, yaron da yake sa ni riƙe madubi ta baya sau uku. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi duk da matar da ke waje.

Sannan na sa babban yatsa na lanƙwasa kunnen, yadda na saba yi.

Tabon yana nan. Ɗan siririn layi, tsawon ƙwayar shinkafa biyu, ba gashi. Aikin hannuna.

 Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya yi masa wannan askin?"

Kofur ɗin ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Shi yake yi wa kowa a sansani, mu wajen arba'in, har oga. Shi kuma ba mai yi masa. Ran nan ya ce in gwada, yana ta zagina, wai in kawunsa ya gani sai ya kore ni daga gari." Ya goge hanci da bayan hannu. "Ba ma shi ne zai tuƙa motar ba. Direbanmu zazzaɓi ya kama shi, ga masu rauni uku a baya. Ya ce shi ɗan direba ne. Ya kai su, a hanyar dawowa ne abin ya faru."

"Tun da kai ka yi askin, ai ka gane shi."

"Duk aski iri ɗaya gare mu, Baba. Na yi zato. Ban so ya zama daga bakina ba."

Da na fito, matashiyar ta miƙe tsaye. Direba ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar takalmina. Taku goma ne tsakaninmu, na ji kamar kada in ƙarasa.

"Mai aski?"

"Na'am, Yaya."

"Ka duba bayan kunnen?"

"Na duba."

Ya jira. Na kama hannunsa, na ce, "Shi ne. Auta ne."

Matar ta koma ta zauna, ta rufe baki da gyale tana kuka, ban san ko na sauƙi ba ne ko na sabon jira. Direba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, a hankali. Kofur ɗin ya biyo ni waje, ya gaya masa yadda abin ya faru. Sai Direba ya tambaye shi, "Mutanen da ya ɗauka, sun isa?"

"Sun isa, Baba. Duka ukun suna saman bene, a gado."

"To," in ji shi. "To. Ya iya tuƙi ke nan."

Bayan kwana huɗu kofur ɗin ya kawo jakar Auta gida. Da la'asar Direba ya lalubo bango ya shigo shago, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin safa. Injina ne. An shafa masa mai, ba tsatsa ko kaɗan, amma tsakanin haƙoransa akwai guntayen gashi baƙi.

Na ɗauki buroshi don in kakkaɓe, kamar yadda nake yi wa kowane inji. Direba ya zauna a kujera yana fuskantar madubin da ba ya gani. Na mayar da buroshin wurinsa, na naɗe injin cikin safar, na ajiye shi a kan katakon yara.