Bulon da Mami Yefon Ta Cire

Mami Yefon ta ƙyasta ashana cikin murna, ta cinna wa ƙiraren da ta jera a sabon murhun. A jikin bangon falo aka gina shi, da bututun bulo wanda ya ratsa rufi ya leƙa waje, irin na gidan limamin coci.

"Ja da baya, Mami, kada ki babbake gira," in ji Lukong magini, ƙanin marigayi mijinta.

"Kai dai yi addu'a aikinka ya yi kyau. Motarsu ta wuce Jakiri."

'Yarta Kinyuy ce ke tafe daga Yawunde da jinjirin da Mami ba ta taɓa gani ba sai a waya. An haife shi da raunin ƙirji. Ba a kwana a garinsu Kumbo babu wuta saboda sanyi, likita kuma ya hana a kai yaron inda hayaƙi yake. Kinyuy ta faɗa ƙarara: in ta shigo ta ji hayaƙi, gidan surukanta za ta wuce a Bamenda.

Wuta ta kama. Mami ta soma taka rawa tana juya zani. Ba ta kai ƙarshen waƙar ba hayaƙi ya yi turus a bakin murhu, ya juyo cikin ɗaki.

Lukong ya durƙusa yana tari, ya laluba kafar da ya bari a gindin bango. Ya zaro tsumma, ya zaro wani, har da tsohuwar safa.

"Wa ya toshe nan?"

"Sanyi ke shigowa ta wurin."

"Ita ma wuta numfashi take yi, Mami. In ba ta shaƙa ta ƙasa ba, ba za ta fitar ta sama ba."

Wutar ta miƙe tana huci. Amma sai ga hayaƙi yana tsiyayowa ta tsakanin gorar rufi, siriri siriri. Lukong ya ɗaga kai, ya dubi Mami. Ita kuwa ta dubi farcenta. Ya jingina tsani ya hau rumbun sama, inda ake shanya masara. Can sai ga muryarsa daga sama.

"Mami."

"Na'am."

"Ɓera ne ya cire mini bulo daga jikin bututu?"

"Ɓerayen garin nan ƙarfi gare su."

"Har da guduma suke yawo, ko?"

Ta riƙe ƙugu ta ɗaga murya. "To duk hayaƙin nan mai kyau ka tura wa gajimare, masarar yayanka ta sha me? So kake ƙwari su cinye?"

Tun tana yarinya haka ta sani: hayaƙin gida na masara ne, shi ke busar da ita, shi ke korar ƙwari. Wannan kuwa mijinta Pa Wirba ne ya shuka ta da hannunsa, bai ga girbinta ba. Akwai wuri a tsohon madafi na bayan gida, amma Mami ta ƙi kai ta can. A ƙarƙashinta take son kwana.

Lukong ya sauko a hankali, wasa ya bar fuskarsa. "Ba hayaƙi kaɗai ke bi ta ramin nan ba, har da tartsatsi. Ga busasshen ɓawo, ga gora, ga jinjiri a ƙasa. Ni ma yayana ne, Mami."

Ta daɗe tana kallon rufin. Sai ta shiga ɗaki, ta jawo bulon daga ƙarƙashin gado, ta miƙa masa.

"Liƙe shi. Ka miƙo mini masarar, ni zan kai ta madafi. Kada ka jefa ko ɗaya."

Suka kashe wuta, suka wangale ƙofa da tagogi. Shi yana kwaɓi yana cika kwando, ita tana kai da komo, tana kaɗa zani a falo kamar mai korar kaji. Waya ta yi ƙara: sun sauka a tasha.

Wannan karon Lukong ne ya ƙyasta ashana. Mami ta ruga tsakar gida ta ɗaga kai. Hayaƙi na fita ta bakin bututun, miƙe sak, ya haura ƙololuwar kwano. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Kinyuy ta tsaya a bakin ƙofa, jinjiri a ƙirjinta cikin bargo. Ta ja numfashi, ta sake ja. Ɗaki ya yi ɗumi, iska fes. Ta kwance yaron ta ɗora shi a hannun uwarta.

"Ga mijinki nan, Mami. Mun zo ke nan."

Mami ta zauna gaban wuta tana duba 'yan yatsunsa. Can ta ji shessheƙa a bayanta.

"Mene ne kuma?"

"Gidan ba ya ƙanshin Baba," in ji Kinyuy.

Ta durƙusa, ta cusa fuskarta cikin zanen uwarta da ya sha hayaƙi, ta daɗe ba ta ɗago ba.